Ƙwayoyin Nano a Gona: Idan Shuka Ta Yi Kyau, Yaya Ragon da Zai Ci Harawar?

Ga waɗanda ba su samu damar sauraro ba, ga rubutaccen bayanin kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau za mu shiga gona ne, amma da abin da ido ba ya gani. Akwai wata fasaha da ake ta magana a kanta a jami'o'i da kamfanonin taki, wato amfani da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira ƙwayoyin nano, a matsayin taki ko maganin cutar shuka. Masu tallata ta suna cewa da ɗan kaɗan za ka yi aikin da a da sai da mai yawa. To mu tambayarmu ita ce: bayan an girbe hatsin, ganyen da karan da aka fesa wa wannan abu, wa zai ci? A wajenmu amsar a fili take. Rago ne, da akuya, da saniya. Don haka za mu duba amfanin abin, sannan mu bi sawunsa har cikin tumbin dabba.

Mu fara da girman abin. Nanomita ɗaya shi ne ka ɗauki mita ɗaya ka raba shi gida biliyan ɗaya, ka ɗauki kashi guda. Silin gashin kanka kaurinsa ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Su kuwa ƙwayoyin nano, girmansu daga nanomita 1 ne zuwa 100. Wato ko madubin likita na yau da kullum ba zai nuna maka su ɗaya-ɗaya ba. Tun a 1959 masanin kimiyyar nan na Amurka, Richard Feynman, ya yi lacca a kan yiwuwar sarrafa abubuwa a wannan ƙanƙanta, sai a 1974 wani farfesa ɗan Japan, Norio Taniguchi, ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi yau.

To me ya sa ƙanƙantar ke da muhimmanci? Kun san idan aka jefa sukari mai ƙwaya a shayi sai an juya an jira, amma na gari nan da nan ya narke. Dalili, garin ya fi samun wuraren da ruwa zai taɓa shi. Bari mu yi lissafi. Ka ɗauki dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita ɗaya, kamar ƙwayar ludo. Faɗin jikinsa gaba ɗaya santimita murabba'i 6 ne. Idan ka yayyanka shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, faɗin jikinsu idan aka haɗa zai kai mita murabba'i 600. Nauyin bai ƙaru ba ko kaɗan, amma wurin da zai yi hulɗa da ruwa da ganye da jikin halitta ya ninka sau miliyan. Nan ƙarfin abin yake, kuma nan haɗarinsa yake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarafan da aka fi gwadawa a noma su ne zinki, wanda wasu ke kira tutiya, da jan ƙarfe, da baƙin ƙarfe, da azurfa, da titaniyam. Zinki da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe dama abinci ne ga shuka, tana buƙatarsu kaɗan-kaɗan kamar yadda miya ke buƙatar gishiri. Azurfa kuwa ba abinci ba ce ga shuka ko dabba, amfaninta kawai kashe ƙwayoyin cuta.

Matsalar da ake son magancewa gaskiya ce. Ƙarancin zinki a ƙasa ya yaɗu a duniya, musamman a Indiya da Pakistan da tsakiyar Turkiyya, inda ƙasar ke riƙe zinkin ta hana saiwa ɗauka. Ka zuba takin, kaso mai yawa ya maƙale a ƙasa ko ruwa ya tafi da shi. Sai masana suka ce, me zai hana a mai da shi ƙwayoyi ƙanana a fesa a ganye? Su manne a jiki, wasu su shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, su riƙa narkewa a hankali suna ciyar da shukar.

Kuma an ga sakamako. A jihar Konetikat ta Amurka akwai tsohuwar cibiyar binciken noma, inda Wade Elmer da Jason White suka fesa wa dashen tumatir da gauta ƙwayoyin nano na jan ƙarfe tun suna ƙanana, sannan suka dasa su a ƙasa mai ɗauke da cutar da ke sa shuka ta yanƙwane. Sun wallafa a 2016 cewa cutar ta ragu kuma amfanin ya ƙaru. Daga baya suka maimaita da kankana. Abin sha'awa a nan, cutar a saiwa take, feshin kuma a ganye aka yi, wato jan ƙarfen ya ƙara wa shukar ƙarfin kare kanta ne. Akwai kuma binciken Christian Dimkpa da abokan aikinsa a cibiyar bunƙasa taki ta IFDC da ke Alabama, wanda ya fito a 2019. Su dawa suka gwada, irin abincinmu, a ƙarƙashin ƙarancin ruwa, suka ga ƙwayoyin nano na zinki sun rage illar farin kuma sun ƙara zinki a cikin ƙwayar hatsin. Amma a lura, a tukwane aka yi wannan gwaji, ba a faffaɗar gona ba.

To nawa ne ribar a taƙaice? A 2018 wata masaniya, Melanie Kah, da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi suka kwatanta kayan nano da takwarorinsu na gargajiya. Abin da suka samu shi ne fifikon ya tsaya a tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ci gaba ne, babu shakka. Amma ba irin abin al'ajabin da ake faɗa a talla ba ne.

Maganar talla ta tuna mana da Indiya. Ƙungiyar manoma mai yin taki ta IFFCO ta fara gwajin takin nano na naitirojin da zinki da jan ƙarfe a gonaki a 2019, sannan a 2021 ta fito da nano yuriya a kasuwa, tana cewa kwalba mai rabin lita za ta iya maye gurbin buhu mai kilo 45. Yuriya ba ƙarfe ba ce, amma darasin ya shafe mu. Buhun yana da naitirojin wajen kilo 20, kwalbar kuwa giram 20 kacal. A 2023 masana biyu daga jami'ar Kofanhagan, Max Frank da Søren Husted, suka rubuta cewa babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da wannan iƙirari. Don haka kalmar nano a jikin kwalba ba ta isa shaida ba.

Yanzu mu zo kan dabbobi, wanda shi ne gundarin maganarmu ta yau.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane: ƙarfe ba ya ruɓewa. Yawancin magungunan ƙwari, rana da ruwa da ƙwayoyin halittar ƙasa suna farfasa su cikin makonni ko watanni. Jan ƙarfe kuwa jan ƙarfe ne har abada, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Turawa sun riga sun ɗanɗana wannan. Tun a shekarun 1880 wani masani a Faransa mai suna Millardet ya haɗa maganin jan ƙarfe da farar ƙasa don kare inabi daga cuta, aka yi ta fesawa fiye da shekara ɗari. Yau gonakin inabi da yawa a Turai ƙasarsu cike take da jan ƙarfe, har tana, wadda ke gyara ƙasa, ta yi ƙaranci a wasu wuraren. Shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada a wuce kilo 28 na jan ƙarfe a kowace hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara. Masu goyon bayan nano suna kafa hujja da wannan, suna cewa idan da ɗan kaɗan za a yi aikin, ai ƙasa ta huta. Magana ce mai ma'ana, in dai da gaske an rage adadin, ba ƙari aka yi a kan na da ba.

Abu na biyu: yaya ƙwayoyin ke cutar da jiki idan sun yi yawa? Hanya biyu ce aka fi sani. Ta farko, suna narkewa su saki ƙarfen, kuma saboda faɗin jikin nan da muka lissafa, narkewar na iya zama da sauri, musamman a wuri mai tsami kamar cikin dabba ko ƙasa mai tsami. Ta biyu, suna haddasa wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye, an ga idan aka ba su da yawa, ƙarfen kan taru a hanta da ƙoda da saifa.

Abu na uku: shin yana ratsawa daga shuka zuwa mai cin shukar? Amsa, e. A 2012 ƙungiyar Patricia Holden a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta shuka waken suya a ƙasar da aka zuba wa ƙwayoyin nano. Na zinki ya sa zinkin ya hau har cikin ganye da ƙwayar waken, kuma ganyen ya fi tarawa. Na wani ƙarfe mai suna siriyam kuwa, da aka sa da yawa, ya kusa tsayar da aikin ƙululun saiwa, waɗanda ke ɗauko naitirojin daga iska su ba wa shukar. Duk manomin wake da gyaɗa ya san waɗannan ƙululun su ne takinsa na kyauta.

A jami'ar Kentaki kuma, a 2011, Jonathan Judy da Jason Unrine da Paul Bertsch suka shayar da tsiron taba ƙwayoyin nano na zinare, sannan suka bar tsutsa ta ci ganyen. Sun zaɓi zinare ne don ba ya narkewa, sai a iya bin sawunsa. Da aka auna, zinaren da ke jikin tsutsar ya ninka na ganyen sau 6 zuwa 12. Amma da suka yi wani gwajin daga ƙasa zuwa tana, daga tana zuwa kwaɗo, sai suka ga ya ratsa, sai dai adadin raguwa ya yi maimakon ƙaruwa. Kun ga ke nan ba hukunci ɗaya ba ne. Ya danganta da irin ƙarfen, da girmansa, da irin halittar da ta ci.

To a nan ne maganar ta iso gidanmu. Manomin Amurka da ya fesa wa kankana, ƙwallon yake so, ganyen a gona zai ruɓe. Mu kuwa ba mu da abin yarwa. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce, a ɗaure ta a ɗora a kan rufin ɗaki ko reshen bishiya, a sayar da rani da tsada. Karan dawa da na gero, ƙowar wake, dusa, duk na dabba ne. Bayan girbi kuma shanu su shiga gona su share abin da ya rage. Feshin ganye kuwa a kan ganye yake zama, kuma an ƙera shi ne musamman don ya manne, kada ruwan sama ya wanke shi da sauƙi. Ashe wanda zai fi kowa cin rabonsa shi ne ragon da aka turke ana ba shi harawa safe da yamma.

Kuma abin da ya sa muka nace a kan rago: tunkiya ita ce dabbar gida da ta fi kowace rauni a gaban jan ƙarfe. Wannan tsohon ilimi ne a wajen likitocin dabbobi, tun kafin a san nano. Hantar tunkiya tana tara jan ƙarfe amma ba ta iya fitar da shi da kyau. Sai ya yi ta taruwa wata da watanni, dabbar na ci tana sha, babu alamar komai. Ranar da ta gamu da wahala, kamar doguwar tafiya a mota zuwa kasuwa, ko yunwa, ko sauyin yanayi, sai hantar ta saki ƙarfen cikin jini gaba ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ido da dasashi su yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya koma ja mai duhu, cikin kwana ɗaya zuwa uku dabbar na iya mutuwa. Ku duba dokar abincin dabbobi ta Tarayyar Turai: iyakar jan ƙarfe a kowane kilo na abinci miligiram 35 ne ga akuya, 30 ga babbar saniya, amma 15 kacal ga tunkiya. Abin da akuya za ta ci ta kwana lafiya, shi zai iya kashe rago a hankali. Ku yi tunanin wanda ya yi wata huɗu yana kiwon ragon Layya, sai a kan hanyar Legas ragon ya faɗi. Zai ce zafi ne ko gajiya, ba zai taɓa kawo feshin da aka yi wa wake da damina a ransa ba.

Akwai kuma maganar tumbi. Saniya da tunkiya da akuya ba su ne ke narkar da ciyawa da kansu ba, ƙwayoyin halitta ne biliyoyi a cikin tumbinsu ke yin aikin. Azurfa da jan ƙarfe kuwa sana'arsu kashe irin waɗannan ƙwayoyi, ba sa tambayar wanne ne mai amfani. Don haka duk kayan da aka yi da azurfa, dole a tambayi yadda zai yi da tumbi.

Sai halittun ruwa. Kifi na daga cikin waɗanda azurfa da jan ƙarfe suka fi yi wa illa, domin suna lalata gaɓar da yake numfashi da ita, su rikita daidaiton gishirin jikinsa, kuma ɗan kaɗan ya isa. Mai noman rani a fadama da ke wanke famfon feshinsa a bakin rafi ko kusa da tafkin tarwaɗa, ya san da wannan. Labari mai daɗi a nan shi ne, azurfa idan ta shiga ƙasa ko laka takan haɗu da sinadarin farar wuta ta koma wani nau'i da ba ya narkewa sosai, dafinta ya ragu ƙwarai. Ƙasa mai yumɓu da taki na gargajiya ma tana riƙe ƙarafa. Ƙasa mai yashi da tsami ce ta fi sakin su.

Kada kuma a ɗauka duk labarin tsoro ne. Zinki da jan ƙarfe dabba ma tana buƙatarsu, kuma ƙarancinsu cuta ne: fata ta yi kaushi, gashi ya koɗe, girma ya tsaya, haihuwa ta ragu. Harawa mai ɗan ƙarin zinki na iya zama alheri. Ana ma gwada zuba zinkin nano kai tsaye a abincin kaji don a rage yawan da ake sawa. Zinki yana da faɗin iyaka, sai an zarce sosai yake illa. Jan ƙarfe a tunkiya ne tazarar da ke tsakanin isa da wuce gona da iri ta yi ƙanƙanta. Komai ya yi yawa, ko zuma ce, sai ta gundura.

Hukumomi fa, me suka yi? A watan Mayun 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce ba za ta ƙara ɗaukar farin sinadarin titaniyam da ake sa wa alewa da kek, mai lamba E171, a matsayin mara haɗari ba, domin wani kaso nasa ƙwayoyin nano ne kuma ba a iya kawar da zargin yana taɓa ƙwayar gado ba. Aka hana shi a abincin mutane a 2022, aka kuma janye izininsa a abincin dabbobi. Ingila da Kanada da Amurka ba su bi wannan hukunci ba, har yanzu suna amfani da shi. A 2022 ɗin dai Turai ta hana ba wa 'ya'yan aladu zinki mai yawa a matsayin maganin gudawa, saboda yana fita a kashi ya taru a gonaki. Wannan na ƙarshe ba nano ba ne, amma ya nuna zagayen: daga abinci zuwa dabba, daga dabba zuwa taki, daga taki zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa shuka. Mu da muke kwashe takin turke mu kai gona duk shekara, wannan zagaye namu ne sosai.

Wani abu da za ku riƙa ji shi ne wai an haɗa ƙwayoyin da ruwan ganyen dogonyaro ko zogale, don haka na gargajiya ne, ba shi da illa. Gaskiya ne ana amfani da ruwan ganye wajen haɗa su, kuma hakan ya rage amfani da sinadarai masu guba a wajen ƙira. Amma abin da ya fito a ƙarshe azurfa ce ko jan ƙarfe. Hantar rago ba ta san da wane ganye aka dafa shi ba.

Mu a nan mun san yadda dabba ke riga mutum nuna alama. A 2010, kafin a gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, wadda ta kashe yara fiye da 400, agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Dalma guba ce tsantsa, ba ɗaya take da zinki ko jan ƙarfe ba, kuma waccan daga haƙar zinare ta fito, ba noma ba. Darasin kawai shi ne a riƙa sa ido a kan dabbobi idan ƙarfe ya shigo muhalli.

To idan irin wannan kaya ya iso shagon maganin gona na garinku, me za ku yi? Ku karanta jikin kwalbar ku san wane ƙarfe ne a ciki da adadinsa, wanda bai rubuta ba ku bar masa kayansa. Idan maganin cuta ne, ku duba lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar ƙasarku. Ku tambayi malamin gona kwana nawa za a jira tsakanin feshi da girbi ko kiwo. Kada a ƙara awo don a ga aiki da sauri. Duk wake ko gyaɗar da aka yi wa feshin jan ƙarfe sau da yawa, na nano ne ko na da, kada harawarta ta zama abincin tumaki kaɗai, a gauraya da wata, kuma mai sayarwa ya faɗa wa mai saye gaskiya. Kada a ba tumaki abincin kaji ko gishirin lasa da aka haɗa don shanu, domin sukan ƙunshi jan ƙarfe mai yawa. Mai feshi ya rufe hanci da baki, don abu mai wannan ƙanƙanta yana iya kaiwa can cikin huhu. A wanke famfo nesa da rafi da rijiya. Idan kuma rago ya mutu ido rawaya, fitsari ja, a kira likitan dabbobi ya duba hantar, a gaya masa abin da dabbar take ci.

Ga ɗalibanmu da malamai na fannin noma da likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ga aiki a gabanku. Mafi yawan binciken da aka yi a duniya a tukwane ne, da ɓeraye da kifi da tana, cikin 'yan makonni. Gwajin da ya dace da mu shi ne a fesa wa wake a gona, a busar da harawar, a ciyar da tumakin Balami da Uda da 'Yankasa na tsawon wata huɗu ko shida, sannan a auna hanta da nono da taki. Manomi da makiyayi duk suna jiran wannan amsa.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya taɓa ganin irin wannan taki ko magani a kasuwarsu, ya faɗa mana abin da aka rubuta a jikinsa, za mu duba tare a shiri na gaba. A tura wa manomi ko mai kiwon da aka sani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyoyinmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.